Ranar da Dodo Ya Zama Jakina

A shekarun tsadar nan bayan faɗuwar mulkin farar hula, wani mai shago a Bodinga yana da wasan talabijin irin wanda ake dannawa, mai aiki da batirin mota. A kashi na farko na wasan ni ne gwani: ka diro kan dodo, ya mutu.

Ranar da kashi na biyu ya iso ina gona. Na dawo na tarar ana yi wa taubashina Ummaru tafi. Ummarun Shagari, wanda ni na koya wa riƙon abin dannawa! Raina ya yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Ba ni nan ka ga aikin manya."

Ya ce, "Tsaya, wanga daban yake. Ciyawa za ka tuge kamar albasa, ka jefi dodannin da ita."

Ko saurarensa ban yi ba, na fizge. Na diro kan dodon farko, na waiga ina jiran tafi. Ashe bai mutu ba. Ɗaukata ya yi a ka, yana tafiya a natse kamar jaki, har muka zurma rami tare.

Shago ya kaure da dariya.

Yau har jikoki gare ni, amma da jaki ya gifta sai Ummaru ya ce, "Taubashi, tashi, motarka ta iso."