Ya Ci Gudu, Ba Zomo

Kwana biyu ke nan Munzali yana duba saƙon banki kamar zai canza. Saura mako uku ya je Yola gwajin gudu na ɗaukar aiki, ga kuɗin motar da ya tara tun bautar ƙasa sun tafi a wata manhajar motsa jiki. Ya hau acaɓa zuwa Sahuda, garin da ke bakin iyakar Kamaru, ya sami kakarsa Habibat a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa.

"Ina gajiya, amarya?"

"Ta bi lafiya, maigida. Yau ma hannu rabbana? Mijin da ba ya cefane ai baƙo ne."

"Bari kawai. An yashe ni."

"Ɓarayi?"

"Waya. Ranar Talata da na zo nan na shiga manhajar da ke koya wa mutum gudu. Ta ce mako guda kyauta, sai ta jera farashi uku, na wata, na shekara, da wani wai na zinariya. Na ga dubu huɗu, na danna. Abin ya yi ta juyi bai wuce ba, na sake dannawa."

"Sau nawa?"

"Uku. Duka ukun suka cire. Na rubuta musu, sun ce in jira wata guda."

"Gudu ka saya? An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kai ka ci gudun, ina zomon?"

"Kuma ashe ba naira ba ce. A tsakar gidan nan naki, waya sabis ɗin Kamaru take kamawa. Sefa suka rubuta. Naira dubu talatin da ɗoriya, kaf."

Tsohuwa ta yi dariya har gyaɗa ta zube daga faifai.

"Ni ko aji ɗaya ban shiga ba, amma na san a Sahuda kafin ka ce ka saya, sai ka tambaya kuɗin wane gefe. Mai ƙosai ma ta sani."

"Gidanki ya cuce ni, ke za ki biya. In ba haka ba na fasa auren, in nemo 'yar garin Betso mai haƙora."

"Haƙoran nan nawa biyu sun fi digirinka aiki. Je ka, mu ga wadda za ta ɗauki mai hakin hawa acaɓa."

Munzali ya daina wasa. Ya juya wayar a hannunsa.

"Kaka, in ban je Yola ba, sai baɗi."

Ta dube shi, ta ci gaba da ɓara.

"Buhun gyaɗa goma sha biyu gare ni a gona, hayin rafi. Kullum da safe ka je a guje, ka dawo da ɗaya a ka. Farashina ɗaya ne, ba na zinariya, kuma ba a danna ni sau uku."

Ta kwance bakin zaninta, ta miƙo masa wani ƙulli da ya sha naɗi.

"Ungo kuɗin mota. Kada a ce mijina ya je Yola a ƙasa."

Ya miƙa hannu, sai ya tsaya.

"Tsaya tukuna. Naira ce ko sefa?"

Ta sheƙe da dariya, ta cusa masa ƙullin a aljihu.

"Yau ka gama makaranta, maigida."