Na Ari Ciwon Maigidana

Matso kusa ka ji, don har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka sauke ni daga jirgin mijina a bakin ruwan Yelwa ba.

Lokacin ba a daɗe da datse kogin Kwara a Kainji ba, ruwa ya shanye tsohon ƙauyenmu. Baban Larai (maigidana ke nan, ba na faɗin sunansa) yana tuƙa wa wani Alhaji jirgi mai inji zuwa Wara. Tun ranar da ya tsamo gawar abokinsa, wanda nasa jirgin ya daki bishiya a ƙarƙashin ruwa, barci ya ƙaurace masa. Na ce ya je asibiti. Ya ce, "Innar Larai, ranar da aka gan ni a bencin nan kan ciwon kai irin wannan, ranar Alhaji zai karɓe jirginsa. Wa zai shiga jirgin mai taɓin hankali?"

Sai ni mai dabara na ce bari in je a madadinsa. Ban yi boko ba, amma kunnena ba ya yar da magana.

Malamin asibiti, da murya kamar mai shela, ya ce, "Mi ke damunki?"

Na zuba masa yadda na ji daga bakin maigidana, kamar ciwon nawa ne: "Da na ta da inji, na iso kan tsohon garinmu, sai ƙirjina ya toshe, in riƙa ganin fuska cikin ruwa."

"Ke? Wane inji kike tayarwa?"

(Ni da ko kwalekwale ban taɓa riƙe wa igiya ba!) Labule kawai ya raba mu da matan unguwa. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce lallai ƙwaƙwalwata na son hutu. Kafin in isa gida labari ya riga ni.

Baban Larai ya sha ƙwayoyin, ya ɗan samu barci. Sai bikin ƙanwata ya taso a Wara. Na ci ado, na shiga jirgi. Maƙwabciyata Hajjo ta miƙe: "Wallahi ba mu tafiya da ita! Mai ganin fuska cikin ruwa? Ta kifar da mu! Sannu Baban Larai, kana haƙuri."

Shi ake yi wa sannu! Na ga ya saki inji ya buɗe baki, na san gaskiya zai faɗa, abincinmu ya tafi. Sai na kurma ihu, na cire ɗankwali, na yi tsalle waje. Santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin taɓo da sabon zanena. Yara na ta tafi da shewa. Jirgi ya tashi, suna ta yaba natsuwar matuƙi.

Abin da ke ƙona min rai, bawan Allah nan bai sake samun ko ƙwaya ɗaya ba, don na rantse ba ni komawa asibiti, shi kuma ba dama. Haka ya yi ta ɗaukar fasinja yana haɗiye abinsa. Sun fi son matuƙi mai ciwo a ɓoye da wanda ya nemi magani a sarari.

Na dai koyi cewa zane ake ara, ba ciwo ba. Amma tsakaninka da Allah, da shi ya zauna a bencin nan, kai za ka shiga jirginsa?