Bindigar Abu Faisal da Hankakan da Ya Raina Ni

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na yi niyya abokina Idi ba zai bar ni ba, da Juma'ar da wani hankaka ya kunyata ni a gaban kafilina, wato maigidan da ya tsaya min a Jidda, da baƙinsa.

Lokacin ina gyaran mukayyif, wato injin sanyaya ɗaki, a shagon kafilin nawa, Abu Faisal, da ke unguwar Madain Fahd. Kullum ina saman rufin mutane, ranar Jidda tana gasa ni har in na sauko kuliyoyi su biyo ni, a zatonsu tsire ne ke tafiya. Ni da matata Rabi da yara muna cushe a ɗaki guda a Bani Malik, irin ɗakin da in mutum zai juya a barci sai ya nemi izinin na kusa da shi.

Sai ga labari: Abu Faisal yana neman wanda zai zauna masa a gonarsa ta bayan gari, kuma akwai gida a ciki, har da tsakar gida da bishiyar dabino. Matsalar gonar ɗaya ce, hankaki sun addabi 'yan tsakinsa. Ya sayo bindigar iska mai tsada don maganinsu, irin wadda ake ɗura wa iska da famfon hannu, amma ya shigo shago yana mita.

"Ya muhandis," in ji shi (wato injiniya, haka yake kira na in yana son abu), "wannan abu harbi kaɗan sai iska ta ƙare. Ka san wanda ya iya ta?"

Da na yi shiru da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Allah ya ja da ranka, kana neman wa? Ni jikan maharba ne. A Damagaram in kakana ya yi tari, zabi da kansu suke faɗowa daga bishiya." (Gaskiyar magana, kakana ƙwan zabi yake sayarwa. Amma dai ai zabi ne.)

Ya ce, "Halas, shi ke nan. Gyara ta. Ranar Juma'a ina da baƙi a gona, ka nuna mana. In ka kori hankaki, gidan naka ne."

A ranar na gaya wa Rabi. Kafin in gama cin tuwo ta riga ta aika a karɓo mata kwalaye daga kantin Bayamane, ta kuma yi wa rabin unguwa sallama.

Ni kuwa son sanin ciki ya kama ni. Na shimfiɗa bindigar a teburin aiki ina kallonta kamar sabuwar jaririya. Ashe tanki gare ta, a gaban tankin kuma akwai wani ɗan ƙarfe da Larabawa ke kira munazzim, ɗan'uwan wanda ke kan tukunyar gas ta girki. Aikinsa ya riƙa ɗebo iska daga tanki daidai gwargwado, ya ajiye ta a wani ɗan ɗaki, don kowane harbi ya fita da ƙarfi iri ɗaya. In ka ja kunama, wata 'yar guduma mai sifirin ce ke dukan bawul, wato 'yar ƙofar iskar, ya buɗe, iskar ta tura ƙwayar dalma waje. Wallahi na daɗe ban ga abin da ya burge ni haka ba. Har geji gare ta mai allura na auna iska, kuma mu masu mukayyif in muka ga allura hankalinmu ya tafi.

To a nan sana'a ta cuce ni. Shekara da shekaru, in injin mutum ya yi rauni, abin da hannuna ya saba shi ne a ƙara gas, allura ta hau, maigida ya yi murmushi. Sai na ce ai bindiga ma haka ne. Munazzim ɗin nan rowa yake yi, bari in sake masa hannu.

Sai dai murɗa shi ba wasa ba ne. Sai ka fitar da iskar tanki duka, ka kwance, ka murɗa wani ɗan noti da ke cikin munazzim ɗin, ka ɗaure, sannan ka koma kan famfo. Famfon nan kuwa, jama'a, wanda ya ƙera shi bai son bayin Allah. Tun kana bugawa da hannu har ka koma hawa kansa da tumbi. Idi, abokin aikina mutumin Abeshe, yana zaune kan bokiti yana shan shayi yana cewa, "Buga, jikan maharba, buga! Saura ƙiris ka hura Jidda gaba ɗaya."

Na gwada a bayan shago kan wani tsohon murfin mukayyif. Murɗin farko, ƙwaya ta lotsa gwangwanin fiye da da. Na yi rawa. Murɗi na biyu, lotsawar ba ta ƙaru ba, kai kamar ma ta ragu. Mai hankali da ya tsaya ya tambayi dalili. Ni na ce gwangwanin ne ya fi kauri ta wannan gefen.

Ranar Alhamis na murɗa notin har ya ƙi tafiya, na buga famfo har na fara ganin kakannina. Idi ya ce, "To gwada mana."

Na ce, "In gwada? Iskar da na sha wannan wahala a kanta zan zubar wa gwangwani? Ko ɗigo ba za ta fita ba sai a gaban manya."

Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa darduma a gona, aka kawo babbar tire ta shinkafa da rago, hanta a sama. Baƙi cikin fararen riguna, Idi a gefe yana zuba shayi. Abu Faisal ya gabatar da ni, ya ma ƙara wa labarin gishiri, ya ce kakana zaki yake kamawa. Ban musa ba. Kamar an aiko shi, wani hankaka ƙato ya sauka kan shinge, kusa da mu ƙwarai.

"Yalla, ya muhandis!"

Na tashi, na gyara hula, na durƙusa da gwiwa ɗaya (ban san dalili ba, na ga dai ya fi kyau). Na ce kowa ya toshe kunne. Wani dattijo har ya matsa baya. Na yi bisimilla, na ja kunama.

Fis.

Abin da aka ji ke nan. Irin sautin da in ya fita a sahun salla kowa ke kallon maƙwabcinsa. Ƙwayar dalmar ta fito a gajiye, ta yi ɗan tsalle, ta faɗa cikin kwanon miyar tumatir da ke gaban Abu Faisal. Na ga da'irar da ta yi a saman miyar da idona.

Na sake ɗurawa, na ja. Wannan karon ƙwayar ko leƙowa ba ta yi ba.

Hankakan ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya, ya juya ya dube ni da ɗayan don ya tabbatar. Sannan ya sauko a natse, ya tako kan darduma kamar mai katin gayyata, ya ɗauki hantar nan. Idi ne ya cire silifa ya wurga masa, ya same shi a gindi, tsuntsu ya saki hanta ya tashi yana zage-zage.

Dariya ta ɓarke. Dattijon da ya matsa baya ya faɗi kan matashi yana haki. Abu Faisal ya tsamo ƙwayar da cokali, ya ɗaga sama, ya ce, "Ya muhandis, wannan ce ta kama zakin?" Sannan ya juya wajen Idi. "Kai, silifa nawa gare ka a gida?"

Kun dai gane wanda ya samu gona.

A bayan motar dawowa, maimakon in yi kuka, sai tambaya ta hana ni sakat: iska ta fi yawa, ta yaya ƙarfi ya ɓace? Can na tuna ƙofar motar alhazai in an cika ta, mutane sun danne ta ta ciki, kai kana waje kana turawa ba ta motsi. Haka na yi wa bawul. Na tara masa iska a baya, 'yar gudumar kuwa ƙarfinta yana nan yadda yake, ta doka ta kasa buɗewa. Kuma ko da ta buɗe, munazzim mai haɗama da wuri yake ƙarar da tanki, abin da aka ce in gyara ke nan tun farko.

Daga baya na roƙa aka bar min bindigar. Na sassauta notin ƙasa da inda na same shi, na daidaita sifirin guduma a hankali, ina gwadawa bayan kowane murɗi. Ta yi shiru, ta yi ƙarfi, iska kuma ta riƙa daɗewa. Ba kowa a wurin sai gwangwani.

Rabi ta kwance kwalayenta tana cewa, "Baban Hafsa, gobe in za ka yi wa mutane ƙarya, ka fara gaya min kafin in naɗe labule." Idi kuwa har yau in na kai masa ziyara sai ya shimfiɗa min tabarma ƙarƙashin dabinon, ya ajiye silifa kusa da ni, wai ko da hankaka zai zo.

Tun daga ranar, abin da ban gwada a bayan shago ba, ba na durƙusa masa a gaban mutane. Na yi tsimin iskar harbi ɗaya, na yi asarar gida sukutum har da dabino.