Ranar da Na Tsallake Ƙafafun Mahaifiyar Bashar

Ko da zan manta sunana, ba zan taɓa mantawa da yammacin Larabar nan ba. Abin bai daɗe ba, shi ya sa har yanzu in na ji ƙauri, ko da tuwo ne ya kama a gidan maƙwabta, sai in ga na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Yanzu haka da nake rubutun nan na tashi na duba soket ya fi a ƙirga, alhali na'urar tana cikin kwalinta a ƙarƙashin gado.

Na'urar leza nake nufi. Yayana Nasiru ne ya yi odarta ta intanet, ya yi ɗokinta na ɗan lokaci, da ya samu aiki a Kaduna ya bar mini ita haɗe da tsohuwar kwamfutarsa. In ba ku taɓa ganinta ba, ku ɗauka firam ɗin ƙaramar taga ne aka kwantar a ƙasa, da wani ɗan kai mai yawo a samansa yana fitar da shuɗin haske siriri kamar allura. Za ka sa hoto a kwamfuta, hasken ya bi ya ƙona shi a jikin katako ko fata. In ka ƙara masa ƙarfi, yankawa yake yi. Ranar da Yaya zai tafi ya miƙo mini wani koren tabarau ya ce kada in kuskura in kalli hasken babu shi. Sannan ya kama kunnena, kamawa ta gaske, ya ce, "Auta, in tana aiki ba a barinta. Ko fitsari ya matse ki, kashe ta tukuna."

Na ce to. (Ni da ma wajen cewa to babu wanda ya kai ni.)

Tun da na gama sakandare zaman gida nake ina jiran makaranta ta gaba, don haka na faɗa wa na'urar nan kamar mayunwaciya. Farkon abin da na zana gawayi ya zama, domin ban san cewa in kan yana tafiya a hankali kuma ƙarfin ya yi yawa ƙonewa ake samu ba. Na biyu ko alama bai fito ba. Da guntayen katakon Yaya suka ƙare na koma kicin. Ludayi, muciya, maburgi, babu wanda ban rubuta wa suna ba, har Inna ta fara kulle kayan girkinta a ɗaki. A hankali hannuna ya faɗa. Na yi wa ƙawayena maƙalan makulli da sunayensu, suka yi ta zuzuta ni, ni kuwa kaina ya kumbura, na fara jin kamar ni na ƙera na'urar.

To ga Bashar. Ɗan Argungu ne, yana sana'ar shinkafa, ya daɗe yana zuwa zance gidanmu a unguwar Gesse, kuma ina son shi, ba sai na ɓoye ba. Sai dai mahaifiyarsa, Hajiya Ige, ta ce ba za a turo manya ba sai ta ga yarinya da idonta. Ƙanwarsa ta taɓa tsegunta mini cewa akwai wadda Hajiya ta gani sau ɗaya ta ce a'a, don kawai ta gaishe ta a tsaye. Tun da na ji haka nake gwada durƙuso a gaban madubi.

An tsayar da Asabar za ta zo. Sai na ce bari in burge ta, in zana mata kifin nan giwan ruwa a bayan ƙwarya, tunda mutanen Argungu da kifi sai Allah. Na samo sabuwar ƙwarya mai faɗi, na shirya hoton, amma lantarki ya ƙi zuwa. Ranar Laraba bayan la'asar ina zaune ina tsefe kitsona, na gama ɓangare ɗaya, ɗayan yana nan, sai fanka ta motsa. Na yar da matsefi na ruga. Na kife ƙwaryar a ƙarƙashin na'urar, na ga tana zamewa a kan siminti, sai na jawo faifan Inna na kaba na sa mata a ƙasa. Busasshiyar kaba. A ƙarƙashin hasken da ke yanka katako. Ban auna ko hoton ya fi bayan ƙwaryar faɗi ba, sauri nake kada a ɗauke. Na sa tabarau, na danna.

Kan kifin ya fara fitowa ke nan, kyakkyawa da shi, sai na ji sallama a tsakar gida, muryar da ban sani ba. Can sai ga Inna ta leƙo, idanunta waje.

"Ke! Uwar Bashar ta. Gaisuwar rasuwa sunka zo nan baya, tac ce bari ta biyo. Maza sa hijabi ki hito."

"Inna, bari in..."

"Ki mi? Ki bar baƙuwa tana jira? Hito nic ce!"

Na kalli na'urar, na kalli ƙofa. A lokacin ban san akwai wurin da ake dannawa ta dakata ta ci gaba daga baya ba, abin da na sani shi ne in na kashe, kifina ya lalace, kuma ba ni da wata ƙwaryar. Na ce a raina gaisuwa ce kawai, yanzu zan dawo. Ni da aka haifa a garin nan, na san yadda tsofaffinmu ke gaisuwa, amma na ce yanzu zan dawo. Na tura tabarau sama bisa kai, na zura hijabi, na ja ƙofa.

Hajiya Ige 'yar gajeruwar tsohuwa ce mai kaifin ido. Inna ta shimfiɗa mata tabarma a baranda, ta zauna ta miƙe ƙafafu saboda ciwon gwiwa. Da na fito ta ɗan tanƙwashe su na raɓa na wuce, na durƙusa daga gefen ƙafafunta, sai ta sake miƙe su, suka tare hanya kaf tsakanina da ƙofar ɗakina. Bashar yana zaure, shi ya tuƙo ta.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lahiya lau, ɗiyata. Ƙaƙa gida?"

"Lafiya lau."

"Ƙaƙa zahi?"

"Alhamdu lillahi."

"Ƙaƙa haƙuri da mu?"

Kaina yana ƙasa, amma kunnena yana ɗaki. Ina jin na'urar, zuuu, zuuu, tana kai da komo. Hajiya tana kallona, na ji idonta a tsakiyar kaina.

"Mi kinka aza bisa kai haka, kamar idon kwaɗo?"

Tabarau ne ya yi tulluwa biyu a ƙarƙashin hijabi. Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Kitso na, Hajiya. Na yaran zamani." (Allah Ya yafe wa Innata, ƙarya ta yi saboda ni.)

Na ɗauka za a ce in tashi in kawo ruwa, sai na ga Inna ta riga ta kawo, har da fura. Aka shiga tambayar asali. Ashe kakar Inna 'yar Argungu ce. Ai kuwa sai Hajiya ta gyara zama. Wane gida? Wace shiyya? Ba ita ce ƙanwar wance da ta auri mai gonar albasa ba? Suka bi dangi ɗaya bayan ɗaya, rayayyu da matattu, kowane mamaci sai an tsaya an yi masa Allah Ya jiƙansa. Na ɗan motsa kamar zan miƙe, Inna ta watso mini wani kallo, na koma na lafe. Zufa tana bin bayana. Yatsun ƙafata sai murza siminti suke.

Sai na ji wari. Ba warin ƙwarya ba, wannan na san shi, ɗan ɗaci gare shi. Wannan kamar an cinna wa shara ashana.

Na buɗe baki zan ce a gafarce ni, daidai lokacin Hajiya ta ɗaga hannuwa sama.

"Mu yi wa yaran ga addu'a."

Jama'a, wa ke tashi ana addu'a? Addu'ar ma da ake yi dominki, daga bakin matar da aurenki ke hannunta? Na ɗaga hannu. Ta roƙa mana zaman lafiya, na ce amin. Ta roƙa mana zuri'a ɗayyiba, na ce amin. Ta koma kan iyaye, ta koma kan kakanni, ta roƙa wa manoman Zauro damina mai albarka. Amin ɗina ya fara riga addu'ar fita, tana tsakiyar jimla ina amin, amin, amin, kamar mai korar kaji. Ta ƙasan ido na hango hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofata, siriri, yana bin bango. Inna idonta a rufe. Hajiya idonta a rufe. Ni kaɗai nake gani, hannuwana a sama, ina ta lissafin abin da ke kusa da na'urar: tabarma, kwalaye, labule, katifata.

Da na ga wani ja-ja yana rawa ta jikin labulen taga, ban san lokacin da na kurma ihu ba.

"Gobara! Inna, gobara!"

Na zabura. Hanya ɗaya ce, kuma ƙafafun Hajiya suna kanta. Na tsallake su. Ba tsallakawar a-yi-haƙuri ba, tsalle na yi irin na 'yan wasan makaranta, gefen hijabina ya share mata fuska, ƙafata ta yi fatali da kwanon fura.

Abin da na tarar a ɗaki har yanzu yana dawo mini. Faifai ya cinye, ƙwarya ta zama baƙin gawayi, wuta ta kama tabarma tana lasar gindin labule, ita kuwa na'urar tana ta kai da komonta cikin hayaƙi kamar babu abin da ya dame ta. Allah Ya taimake ni na tuna na fizge waya daga soket. Babu ruwa a ɗakin. Babu bargo kusa. Na tuɓe hijabi na shiga dukan wutar da shi ina salati ina tari, tabarau ya zamo ya rufe mini ido, komai ya koma kore. Inna ta shigo da bokiti ta sheƙa wa tabarma, ta sheƙa wa labule, ragowar ta sheƙa mini.

Wutar ta mutu. Na fito baranda ina haki, sai a nan na tuna da kaina. Babu hijabi, yana hannuna ya ƙone ya zama tsumma. Babu ɗankwali. Rabin kai kitso, rabi a tsefe ya miƙe sama. Koren tabarau a ido, fuska duk toka, ruwa yana ɗiga daga haɓata. Ga Hajiya zaune inda na bar ta, fura ta wanke mata zane. Ga kuma Bashar tsaye a tsakar gida da takalmi ƙafa ɗaya, ihuna ya shigo da shi. Mutumin da ko gashin goshina bai taɓa gani ba. Ya kalle ni, ya kalli sama, ya juya ya fuskanci bango kamar mai laifi a aji.

Na durƙushe a inda nake, na ɗora ƙonannen hijabin a kai, na fashe da kuka.

Hajiya ta sa hannu ta share fura daga gwiwarta, a natse.

"An kashe?"

Inna ta ce, "An kashe, Hajiya. Don Allah ki yi haƙuri, yarinta..."

"Tun yaushe kinka san abin ga na ci?" Ni take tambaya.

Cikin kuka na ce, "Tun kafin addu'a."

"Kinka zamna?"

"Ban so in tashi ba ki sallame ni ba."

Sai ta nuna ƙafafunta, suna nan a miƙe.

"To taho ki mayar da tsallakenki. Ba a tsallake mutum a bar shi haka nan. Dube ni, da ma ƙaƙa tsawon nawa yake, balle ki tauye min sauran."

Na ɗauka wasa take. Ba ta yi dariya ba. Haka na tashi, jiƙe sharkaf, na ɗaga ƙafa a hankali na sake tsallake mahaifiyar saurayina a gaban uwata, wannan karon da izini. Daga wajen bango na ji wani sauti ya kuɓuce wa Bashar, ya mayar da shi tari.

Inna ta ba ta aron zane, suka tafi. Ba ta ce komai a kaina ba, ko a bakin ƙofa.

Kwanakin da suka biyo baya ban san inda zan sa kaina ba. In zauna, in tashi, in leƙa waya, in ajiye. Abinci ya ƙi shiga. Inna ta daina yi mini magana sai da ido. Asabar ta zo ta wuce, babu kowa. Na gama yanke wa kaina hukunci, na ce wadda ta gaishe ta a tsaye ma an ƙi ta, ina ga wadda ta bi ta kanta.

Sai shekaranjiya Bashar ya kira. Na ɗauka da sauri.

"Hajiya ta ce a gaya ma Baba, kawunnaina na nan tahe bayan sallar Juma'a."

Na ce, "Me ta ce a kaina? Faɗa mini gaskiya."

Ya yi ta dariya har na ji haushi, sannan ya ce, "Cewa ta yi, ɗiyar da ka iya durƙuso har ɗakinta shi kama wuta, ladabi bai yi mata kaɗan ba. Hankali na za mu taru mu taya ta nema."

Ban san ko yabo ne ko zagi ba, na dai karɓa hannu biyu. Na kuma ji an ce a gidansu yanzu ba a kirana da sunana, sai 'yar kwana-kwana, kuma da wannan sunan zan shiga Argungu.

Na'urar ba ta mutu ba, Yaya ya sa na gwada masa ita ta waya bayan ya gama wanke ni tas. Zan koma mata, amma sai tsoro ya sake ni, kuma a tsakar gida, kan siminti tsirara, da bokitin ruwa a gefe. Abin da na koya kuwa, na koye shi da tsada: duk girman baƙo, a bar shi ya maimaita sallama. Tsohuwa za ta iya jira a kashe na'ura. Na'ura ba ta jiran a shafa fatiha.