Wa Ke Dafa wa Mawaƙin Tuwo?

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ƙanin matata a Sule Tankarkar ba, ko da na so in manta, domin duk safiyar Allah sai ƙofar gidana ta tuna mini.

Bari in fara da ciwon da ya ja mini. Ni malamin makaranta ne, ina koyar da adabi a wata sakandare a Gagarawa, gidana kuma yana Gumel. Da furfurata na koma ƙaro karatu, irin na lokacin hutu, a can na ci karo da wani mawaƙin Italiya da ya rayu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Tun yana yaro ya ga wata yarinya a garinsu, sonta ya kama shi. Bai aure ta ba, ko doguwar hira ba su taɓa yi ba, gaisuwa ce kawai a kan hanya. Ta auri wani, ta rasu da ƙuruciyarta. Shi kuwa sai ya mayar da ita alamar ƙaunar Ubangiji: a cikin waƙarsa ita ce ta yi masa jagora, sama bayan sama, har ya hango hasken da baki ba ya iya faɗa.

Wayyo, labarin nan ya shiga kaina! A aji shi, a majalisa shi, har ɗan acaɓan da ke kai ni tasha sai da ya san mawaƙin (ya taɓa tambayata ko ɗan ƙwallo ne). Mutum ɗaya ce ban taɓa ba labarin ba: Hadiza, matata. A ganina ba fanninta ba ne. Ita fanninta tuwo, wanki, yara, da wata al'ada da ta ɗora wa kanta tun muna amarci: kullum zan fita sai ta rako ni har bakin zaure, ta gyara mini zaman hula, ta ce, "Allah Ya tsare, Malam." Na saba da abin har na daina jin sa.

Ranar walimar, bayan la'asar, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan surukaina, maza sun cika wurin, mata suna ciki. Malamin da aka gayyato ya yi wa ango da amarya nasiha, motarsa ta lalace a hanyar Maigatari. Surukina, Baba Alhaji, ya yafito ni ya ce, "Malam, kai ne mai ilimin gidan nan. Riƙe mana jama'a kafin ya iso."

Mai hankali zai ce a yi haƙuri da juna, a ji tsoron Allah, ya zauna. Ni kuwa da aka miƙo mini makirufo, sai na ji kamar duk karatuna wannan ranar yake jira. Na gyara babbar rigata fara ƙal, na yi gyaran murya, na ɗauko ɗan Italiya.

Da farko abin ya tafi daidai. Na ce so tsani ne, ana taka shi daga halitta zuwa ga Mahalicci. Wasu suka gyaɗa kai. Da na zo kan cewa macen matar wani ce, wani dattijo ya ce "A'uzubillahi" a hankali, ya gyara zama. Nan ya kamata in taka burki. Ina! Daɗin muryata a lasifika ya riga ya kwashe ni.

"Jama'a," na ce, "so na haƙiƙa shi ne wanda bai shiga kicin ba. Wanda aka aura, hayaƙi da kukan yara ne ke cinye shi. Wanda ba a samu ba, shi ke zama haske."

A wurin biki, fa. A gaban angon da ko kwana bai yi da amaryarsa ba.

Ban tsaya nan ba. Na sassauta murya irin ta masu zurfin tunani, na ce kowane namiji yana da irin wannan hasken a ɓoye, ni ma ina da nawa: wata da na sani a Gumel ina saurayi, aka kai ta aure Damagaram, har yau in na rufe ido a kan sallaya ina jin kamar murmushinta ne ke nuna mini hanya. Ban faɗi suna ba. Sai dai a ƙasarmu ba a bukatar suna. Rabin mutanen da ke kan tabarmin nan sun san wace ce, sun san gidansu, wasu ma da su aka kai ta.

Sai Sale ya miƙe. Sale taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, dillalin shanu a Maigatari. Kun san tsakanin taubasai: duk abin da ya faɗa mini a bainar jama'a wasa ne, ba ni da ikon yin fushi. Ya ƙwace makirufo yana dariya.

"Farfesa, tambaya gare ni. Shi wannan mutumin naka, da yake ta yawo a sama, wa ke dafa masa tuwo?"

Na ce ai yana da mata, har da 'ya'ya.

"Madalla. Baiti nawa ya yi mata?"

Gaskiyar ita ce, a iya abin da na karanta, ko sau ɗaya bai ambace ta ba. Na faɗi haka, murya ƙasa-ƙasa.

"To, kai kuma wannan rigar da kake ta baza mana, 'yar Damagaram ce ta sa mata bula?"

Wurin ya kece da dariya. Har da masu tafi. Ni ma na yi yaƙe, ina cewa a raina, ai hirar maza ce, a nan za ta mutu. Sai na lura Baba Alhaji bai yi dariya ba. Idonsa yana kan katanga. Na bi idon nasa da kallo.

Lasifika biyu aka ɗaura a jikin darbejiyar ƙofar gida. Ɗaya tana kallonmu. Ɗayar an juya bakinta cikin gida, kamar yadda ake yi a kowace walima, don mata su ji nasiha. Na san da wannan tun ina yaro. Ni da kaina na riƙe tsani da aka ɗaura su da hantsi.

Sai a lokacin na ji shirun. Ɗazu cikin gidan ya cika da ƙarar kwanuka da shewa, yanzu ko tari babu. A can ciki Hadiza take, tsakiyar gwaggwanninta da matan yayyenta da ƙawayenta na ƙuruciya, ita ce ma ke rabon abinci. Kowace kalma ta same ta a tsaye da ludayi a hannu, idon danginta duka a kanta.

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da godiya zan yi mata. Baba Alhaji bai zage ni ba. Ya ce, "Mun gode, Malam," ya sa aka yi addu'a. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Na zaci za ta ƙi biyo ni gida. Ta biyo ni. Muka iso gida Gumel. Ta yi tuwo, ta yi wa yara wanka, ta ajiye mini ruwan alwala. Na fara kame-kame: ai misali ne, ai adabi ne, ai ba ki gane ba.

"Na gane, Malam," ta ce. "Ai da Hausa ka yi."

Washegari na shirya, na sa hula, na tsaya a tsakar gida ina jira kamar kullum. Tana durƙushe tana wanke-wanke. Na yi gyaran murya. Na ce zan fita.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Waccan har sama take kai mutum. Ni iyakata bakin zaure, to me zai ƙara maka? A dawo lafiya."

An daɗe da yin wannan. Na ba da haƙuri, na aika manya, ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Abinci bai taɓa makara ba, riga ba ta taɓa kwana da datti ba. Rakiyar ce dai ba ta dawo ba. Sale har gobe Farfesa yake ce mini, yara a makaranta suna raɗa wa juna in hulata ta karkace, don yanzu kullum a karkace take.

Abin da na koya? Mawaƙin nan ya fi ni wayo: shi bai yi nasa a ƙofar gidan surukai ba. Ni kuwa na kwashe shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane labarin macen da ke raka namiji zuwa ga haske, alhali tawa tana rako ni kowace safiya, har da addu'a. Sai da na fara fita ni kaɗai na san ana rako ni.