Gwangwanin da Anselmo Ya Shanye

"Lafiya lau muka kwana, sai dai ganinka da ya ɓata mana safiya," in ji Doña Eufemia daga bakin ƙofa, tana harar jikanta Rigo da ya diro daga mota yana haki, rungume da kula.

Ni ina kan tarakta tun gari bai gama wayewa ba, inji na ruri, yatsuna duk sun ƙage. Maƙwabcinta ne ni, Hilario, kuma ni ta kira in tuge mata layukan hof, tsiron da ake dafa giya da furensa, waɗanda marigayi mijinta Anselmo ya dasa a bayan gida, wai 'ya'yanta sun fi so a dasa tuffa. Rigo ne kaɗai ya tsaya kai da fata a kan kada a tuge. Da furen gonar nan ya dafa giyarsa ta farko da aka zuba a gwangwani, tsohuwar kuwa ta yi masa alkawari: in ta ɗanɗana ta ji daɗi, gona ta tsira. Ni dai hankalina yana kan ƙasa. Sanyin garinmu Yakima ba ya jiran kowa, in ta daskare sai bazara, ga nawa aikin yana can yana jirana.

"Kaka, ina gwangwanin da na kawo miki shekaranjiya? Kin sha?"

"Yana wajen kakanka."

"Kakan nawa da ya rasu?"

"Kana da wani ne? Ranar mamata guda, da suke leƙo gida sau ɗaya a shekara, sai in bar mijina ya zo ziyara ya tarar da tebur babu abin jiƙa maƙoshi? Na buɗe na ajiye masa gaban hotonsa."

"Kin buɗe! Wayyo ni! Tsohuwar nan so kike ki kashe ni in bi shi."

"Ka bi shi ka yi masa me? Ko a can ba ya ɗaukar malalata aiki."

Na danna oda. Babu wanda ya ko waiwayo. Rigo ya zaro sabon gwangwani mai sanyi daga kula, ya fasa, ya tsiyaya a kofin gilashi.

"Gilashi kuma? Kakanka a gwangwani yake kafa kai."

"Shi ya sa ya mutu bai san ƙamshin abin da ya noma ba. Ke dai ɗaga ki duba kalarta."

"Na duba. Ruwan wankin shinkafa ne. Ko matacin ne ba ka da kuɗin saye?"

"Haka ake yinta yanzu! A birni layi ake bi a kan wannan. Har daga Seattle an zo ana roƙona."

"Roƙonka ka daina?"

"Shinshina, Kaka, shinshina kafin ki kurɓa. Ɓawon lemo za ki ji, da mangwaro."

Ta kai hanci, ta ja baya da sauri. "Mangwaro! Magen Hilario ce ta bi ta nan ta tsuguna."

"Hancin ne ya tsufa. Hancin da ba ya jin ƙaurin wake sai maƙwabta sun buga ƙofa."

"Da tsohuwar zuma ake magani, ja'iri. Da hancin nan na san ka jiƙa wando tun kana zanin goyo, har yau kuma ban ga alamar ka daina ba."

"Doña," na ɗaga murya, "rana fa tana yi, man fetur yana ƙonewa!"

"Sauri ya haifi nawa, Hilario. Zauna."

Ta kurɓa. Ta riƙe a baki, fuskar nan ta tattare wuri guda kamar bakin jaka. Rigo ya kasa tsayuwa, ya kai gwauro ya kai mari, ya tuɓe hula ya mayar.

"To? Yaya?"

"Ɗan nan, me na yi maka? Maganin zazzaɓi ma ana sa masa sukari."

"Ɗacin shi ne daɗin! Jira ki ji bayansa."

"Bayansa ya fi gabansa muni. Hilario, shirya ka shiga gonar."

Wallahi duk gaggawar da nake yi, sai na ji tausayin Rigo. Yaron nan a cikin layukan nan ya koyi tafiya, yana riƙe da wandon Anselmo.

"Amma zo ka karɓi rabonka tukuna," ta ce da ni. "Yau ake kwashe teburin mamata."

Na sauko na bi su ciki, inji na ci. Teburin yana nan yadda ta shirya shi: furanni ruwan ɗorawa, kyandirori sun narke, burodin mamata, kwanon miyar barkono da cakulan, sai gwangwanin Rigo a gaban hoton. Mu nan kowa ya san mamata ba sa taɓa abinci, ƙamshinsa suke ci su tafi. Don haka uwar gida takan shinshina kowane kwano ta ga me baƙonta ya so.

Ta shinshina burodi, ƙamshinsa na nan. Ta shinshina miya, tana nan daram. Ta ɗauki gwangwani ta kai hanci. Ta sake kaiwa. Ta girgiza shi, ta ɗan kurɓa.

"Babu ƙamshin komai," ta ce a hankali. "Ko magen babu."

"Ai dole, Kaka," Rigo ya fara, "giyar hof in ta kwana biyu a buɗe kusa da wutar kyandir..."

Na take masa ƙafa da takalmin aiki, iya ƙarfina. Ya haɗiye sauran maganar tare da ihu.

Doña Eufemia ta juya ga hoton, ta riƙe ƙugu.

"Munafukin tsoho! Na wuni a tsaye ina tuƙa maka miya, ko kallonta ba ka yi ba. Ruwan wankin shinkafar jikanka kuwa ka shanye shi tas, ko ɗigon ƙamshi ba ka rage min ba!"

Sai dariya ta ƙwace mata, tana yi tana share ido da bakin mayafi. Ta miƙa hannu bayan hoton ta ɗauko lauje, wanda Anselmo ke yankan igiyoyin hof da shi, ƙotarsa ta yi baƙi don riƙo. Ta dangwara wa Rigo a tafin hannu.

"Mai gona ya yi magana, ni wa? Hilario, je ka kashe injin nan, ya cika mana kunne. Kai kuma ka wasa shi, kar ka yanke yatsa ka zo min da kuka."

Rigo ya rungume laujen a ƙirji, ya shanye hawayensa, ya gyara murya.

"To ke fa, Kaka? Tsakaninki da Allah, yaya kika ji ta?"

"Ɗaci gare ta kamar halinka, har yanzu yana kan harshena." Ta miƙo kofi. "Ƙaro min in tabbatar."