Rasuwar Gilashin Tace Haske na Eilif Tangen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kai kuma a sunkuye, Eilif Tangen, shugaban ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta garinmu, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar gilashinsa na tace haske, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Asabar a matsayar jiragen masunta, a gaban idon jama'a.

Marigayin ɗan faifai ne baƙi-baƙi da ake ɗaurawa a bakin kyamara, ko tafin hannu bai cika ba. Ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana hidima, bai taɓa neman caji ba, bai taɓa cewa a sabunta shi ba. Ba shi da yawan magana. In aka juya shi a hankali sai ya ce "ƙirrr", nan take ƙyallin da ke kan ruwa ya kau, a hangi duwatsu da kifaye kwance a ƙasa. Ya sha gishirin teku, ya sha sanyin Janairu, kuma bai taɓa nuna wani abu da babu shi a wurin ba.

A kan wannan hali nasa Eilif ya gina sunansa. Ba a tashi taro bai yi wa masu gyara hoto da manhaja gori ba, "masu fenti" yake ce musu. Wadda ta fi shan gorin ita ce Ragnhild, tsohuwar malamar makaranta, da ke gyara nata hotunan a fili ba ta ɓoye wa kowa. Bana ma Eilif ne ya ɗauke kofin ƙungiya na hoton da kwamfuta ba ta taɓa ba, da wani hoto mai shuɗin sama da ya sa kowa ya riƙe baki.

Jinyar marigayin ta faro ne a bazarar da ta wuce, lokacin da maigidansa ya sayo wa kyamara sabon ido, wato madubin gabanta, mai faɗin baki. A makon ne kuma ya ɗan leƙa manhaja, wai don ya san makaman abokan gaba. Ya ja abu kaɗan da yatsa, sama ta yi shuɗi shar. Ya sake ja. Tun daga ranar marigayin ya kwanta a aljihun jaka, ba mai zuwa dubiya.

Ranar Asabar ƙungiya ta fita ɗaukar hoto, rana ta haska, teku na ta walƙiya. Ragnhild ta ce, "Shugaba, ga ruwa na ƙyalli, fito mana da mutumin naka mu ma masu fenti mu ƙaru." Eilif ya zaro marigayin yana ta bayani, ya kai shi bakin kyamara, ya murza. Bai kama ba. Ya sake murzawa, gilashin na ta lilo a cikin baki kamar zoben yaro a bakin tulu.

"A'a, ashe ramewa ya yi?" in ji Ragnhild. "Ko bakin kyamarar ne ya yi ƙiba? Tsaya ma tukuna, Eilif, ba da wannan idon ka ɗauki hoton gasa ba?"

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi. Duk mai kyamara ya san gilashi da baki sai faɗinsu ya zo ɗaya, don haka kowa ya gama lissafinsa a zuci: shuɗin saman hoton gasa aikin manhaja ne, ba na marigayin ba. Sai gilashin ya suɓuce daga hannun Eilif. Kalaman marigayin na ƙarshe su ne "ƙyas" a kan dutse, sai ɗan gangare, sai "tsulum".

Ya rasu ya bar ƙanne biyu, gilasai rawaya da toka-toka, su ma suna kwance rai a hannun Allah. Ya bar ƙyallen shafa, da 'yar jakar fata da har yanzu take riƙe da shatinsa. Ya bar maigida da ya mayar da kofin gasa da hannunsa, wanda kunya ta hana shi ko zuwa sayen burodi. Matar Eilif, Gunnvor, ta gaji da aike ta ce masa, "Kai dai tashi ka wanke fuska. Gilashin kake wa kuka ko sunanka?" Shi kansa bai sani ba.

Har yanzu ba a samu gawar ba, ko da yake wurin ba shi da zurfi. Eilif ya koma ya leƙa, ƙyalli ya rufe komai, fuskarsa kawai ya gani tana kallonsa. Ragnhild ta ɗauki hoton wurin, ta wuni tana ja da turawa a manhaja ko za ta hango ƙasa, ruwan ya ƙi buɗewa. Ta tako har gida ta ce, "Dattijo, gaskiyarka ce. Wannan kam sai gilashi." Shekara ashirin yana jiran ya ji wannan magana daga bakinta, ga shi ta zo a ranar da ba ya iya ɗaga ido ya dube ta.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, a daidai inda marigayin ya faɗa. Daga nan akwai kofi da waina da cuku a ɗakin ƙungiya. Iyalan sun ce ba sai an kawo furanni ba, kuma wanda ya ɗauki hoto ya bar shi yadda ya fito. Roƙonsu ɗaya ne: duk mai irin wannan gilashi ya taho da shi, don da shi kaɗai za a iya hango gawar. An bi 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya ana tambaya, kowa ya ce nasa ya daɗe da sayarwa. Wanda ya rage a garin nan shi ne wanda ake nema.